Tururin Ruwa a Samaniyar Ɗambatta: Wanne Aka Auna, Wanne Aka Kintata?

Manomin ƙasar Ɗambatta ko Bichi ko Kunchi ba ya buƙatar wanda zai gaya masa cewa ba kowane hadari ne yake zubar da ruwa ba. A ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni sau da yawa gabas takan yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye rufin ɗakuna, a kwana ana cida da walƙiya, amma a wayi gari ƙasa a bushe, geron da aka yi binnensa yana nan kwance cikin rairayi bai ga ko ɗigo ba. Wani lokaci ma akan hango ruwan yana saukowa daga gindin gajimare kamar zare, sai ya ƙafe a hanya tun bai iso ƙasa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke raba hadari mai ruwa da hadarin iska yana can sama inda ido ba ya kaiwa, wato yawan tururin ruwan da ke cikin iskar da hadarin yake ratsawa.

A yau ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana iya zama gaban kwamfuta, ya sauko da lambobin da ke nuna yawan wannan tururi a samaniyar Ɗambatta, daga doron ƙasa har tsayin kilomita 80, sa'a bayan sa'a, tun daga shekarar 1940, kuma ba tare da ya biya ko kwabo ba. Haƙiƙa wannan ni'ima ce wadda malamansa ba su samu ba a zamaninsu. To, amma fa akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba a ɗakunan kare digiri: wane ne ya auna tururin da ke kilomita 12 a saman Ɗambatta ranar 3 ga Agusta, 1973? Amsar ita ce babu wanda ya auna shi. Lambar tana nan a rubuce, da ɗigonta da komai, amma kintace ce. Kuma gwargwadon yadda aka yi sama, gwargwadon yadda awo ke raguwa, kintace yana ƙaruwa. Matuƙar masu bincike a jami'o'in Arewa ba su riƙa bambance waɗannan biyu a fili ba, to shawarar da za ta isa ga manomi za ta zo da tabbacin da ba ta cancanta ba.

Waɗannan tarin lambobi su ne masana ke kira riyanalisis, a nan kuwa za a kira su kundin bitar yanayi. Aikin haɗa su ya yi kama da sana'ar gyartai. Gutsattsarin ƙwarya su ne awon da aka yi na haƙiƙa: na tashoshin ƙasa, da jiragen ruwa, da jiragen sama, da balan-balan, da taurarin ɗan'adam. Zaren ɗinki kuwa shi ne lissafin kwamfuta, wanda aka gina bisa dokokin motsin iska da zafi da ruwa. Kwamfuta takan yi hasashen yadda sararin samaniyar duniya duka zai kasance nan da 'yan sa'o'i, sannan a gwada hasashen da awon da aka samu a wannan lokaci, a ɗan karkata shi ya kusanci awon gwargwadon yadda aka amince da na'urar da ta yi shi, daga nan a sake yin gaba. Haka ake bin kwanaki ɗaya bayan ɗaya har a cinye shekaru tamanin. Inda gutsattsari suke da yawa, kamar Turai da Amurka, abin da ya fito ƙwarya ce sosai. Inda suka yi ƙaranci, zare ne ya fi yawa, sai dai an shafe ɗinkin sumul yadda mai kallo ba zai gane ba.

Waɗanda suka fara wannan aiki ba su ɓoye hakan ba. A shekarar 1996 Eugenia Kalnay da abokan aikinta suka bayyana kundin NCEP/NCAR na Amurka, wanda daga bisani aka mayar da shi baya har 1948, kuma suka kasa abubuwan da ke cikinsa aji-aji. Zafin iskar sama da gudunta suna ajin farko, domin awo ne ya fi rinjaye a kansu. Laimar iska tana aji na biyu, inda awo da lissafi suka yi tarayya. Ruwan sama da gajimare suna aji na uku, wato lissafi ne zalla. Bugu da ƙari, ba su ma fitar da lambobin laima sama da tsayin kilomita 9 zuwa 10 ba. Murabba'i ɗaya na wannan kundi yana da faɗin kimanin kilomita 210, wanda zai iya haɗiye Kano da Kazaure da Daura a loma ɗaya. Kundin ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke Reading a Ingila ya fi shi ƙanƙanta ido nesa ba kusa ba, domin murabba'insa kilomita 31 ne, kuma ya yanka samaniya hawa 137. Akwai kuma MERRA-2 na hukumar NASA da ya fara daga 1980, da JRA-55 na Japan da ya fara daga 1958. An samu ci gaba ƙwarai. Sai dai ƙara yawan hawa a cikin kwamfuta ba ya ƙara yawan balan-balan da suka tashi daga Afirka ta Yamma a 1973.

Domin mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa, sai ya ɗauki samaniya kamar soro mai hawa-hawa. Hawa na farko, wanda a cikinsa ake iska da gajimare da hadari, a wannan yanki yana kaiwa kilomita 16 zuwa 17. Kusan rabin tururin ruwan duka yana cikin kilomita biyu na ƙasa-ƙasa. Da za a matse dukkan tururin da ke saman Kano a tsakiyar marka ya zama ruwa, zai kai zurfin milimita 40 zuwa 50, alhali a tsakiyar hunturu da ƙyar ya wuce 10. Ana yin sama sanyi na ƙaruwa, iska kuwa in ta yi sanyi ba ta iya riƙe tururi mai yawa. A dokin ƙofar hawa na biyu sanyi yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, don haka iskar da ta ratsa ta nan sai ta zubar da kusan duk ruwanta a matsayin ƙanƙara kafin ta shige. Wani Bature mai suna Alan Brewer ne ya yi wannan bayani a 1949, bayan ya ga irin bushewar iskar hawa na biyu a saman Ingila. A can tururi bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin miliyan ba, alhali a gonar Minjibir da damina ya haura kashi 20,000 cikin miliyan. Ashe ana neman na'ura ɗaya ta auna buhu ta kuma auna ƙwayar gero.

Na'urar da aka daɗe ana dogara da ita ita ce wadda ake ratayawa a jikin balan-balan mai cike da iskar haidirojin ko hiliyom. Akan sake shi sau biyu a rana, wanda a agogon Nijeriya ya yi daidai da wajen ƙarfe ɗaya na dare da ɗaya na rana, ya yi ta hawa har kilomita 25 ko fiye kafin ya fashe, yana aiko da zafi da laima da gudun iska ta rediyo. Zafi da iska yana auna su da kyau. Laima ce matsala. Tsofaffin na'urori sukan yi nauyin ji da zarar sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, wani lokaci ƙanƙara ta lulluɓe su a cikin gajimare su ci gaba da ba da rahoton laima bayan sun fita, da rana kuma hasken rana ya ɗumama su su nuna bushewar da babu ita.

Ba a nesa aka ga misalin wannan ba. A daminar 2006 aka yi wani gagarumin bincike kan damunar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, inda aka farfaɗo da tashoshin balan-balan, aka kafa sababbi, daga Yamai da Agadas har Abuja da Tamale da Kwatano. Tsakanin Yuni da Satumba an saki kimanin 7,000, adadin da yankin bai taɓa gani ba. Da aka gwada laimarsu da wadda na'urorin GPS na ƙasa suka auna, sai aka tarar wani samfurin na'urar Vaisala, mai suna RS80, yana nuna iska ta fi yadda take bushewa. Kwamfutar cibiyar Turai ta haɗiyi wannan bushewa ta ƙarya, abin da ya ƙara mata karkata wajen rage ruwan da take hasashe a Sahel. Sai da aka gyara lambobin aka sake bitar wannan damina. Abin lura shi ne, an gano kuskuren ne domin a wannan shekara akwai ma'auni na biyu da za a gwada na farko da shi. Shekarun da suka gabace ta fa?

Za a ce ai taurarin ɗan'adam sun cike giɓin. Sun cike wani sashe, babu musu. Tun 1977 tauraron Meteosat yake ɗauke da idon da ke ganin tururin tsakiyar samaniya a saman Afirka, kuma daga 1998 aka samu na'urorin AMSU-B masu leƙa laima ta cikin siraran gajimare. Amma tauraro ba ya auna laima a tsayi kaza. Haske yake gani wanda ya taso daga wani kauri na iska mai kilomitoci da dama, sai lissafi ya rarraba shi. Ido mai aiki da hasken zafi gajimare yakan tare shi, wato yakan makance daidai inda hadari yake. Haka nan kuma duk lokacin da sabuwar na'ura ta shigo ko tsohuwa ta mutu, kundin yakan yi tsalle, wanda mai gaggawa zai ɗauka sauyin yanayi ne. Bayan dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, ƙurarsa ta rikita idon wasu taurari, tsohon kundin Turai mai suna ERA-40 ya riƙa zubar da ruwan da ya wuce kima a tekunan yankin zafi. Mafi hatsari ga mai bincike a Kano shi ne tsallen da aka gano a kundin NCEP/NCAR a saman Afirka wajen 1967 zuwa 1968, wanda aka danganta da sauyin yawan awon da ke shiga cikinsa. Wannan lokaci ya zo daidai da farkon raguwar ruwa ta gaskiya, wadda ta kai ga farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984. Ɗalibin da ya zana layi daga 1948 zuwa yau zai ga bushewa, ya yi murna ya tabbatar da abin da kakansa ya ba shi labari, bai san cewa wani kaso na gangaren layin daga ɗinkin gyartai ya fito ba.

A hawa na biyu kuwa lamarin ya fi fitowa fili. Kundin ERA5 ba ya karɓar awon laima da zarar an wuce dokin ƙofa. Tururin da yake nunawa a can lissafi ne na abin da ya tsallake tarkon sanyi, da kuma wanda ake samu idan iskar mitan ta narke ta zama ruwa. Shi kuwa MERRA-2, yakan ja lambobinsa ne su koma kan matsakaicin da aka saba gani a kowane wata. Wani kwamitin masana na duniya da ya kwatanta kundayen, mai suna S-RIP, ya yanke hukunci a 2017 cewa galibi bai kamata a yi amfani da tururin hawa na biyu na waɗannan kundaye wajen binciken kimiyya ba. Sai ga shi ranar 15 ga Janairu, 2022, dutsen Hunga da ke ƙarƙashin teku a ƙasar Tonga ya fashe, ya watsa ruwa kimanin tan miliyan 146 cikin hawa na biyu, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ke can. Na'urar MLS da ke kan tauraron Aura ta gan shi, ta bi shi wata da watanni yana zagaya duniya. ERA5 da MERRA-2 ba su nuna shi ba, domin ba a buɗe musu ƙofar da zai shigo ba. Sun dai nuna sanyin da ruwan ya haddasa, tun da suna karɓar awon zafi. Sun ga sawu, ba su ga giwar ba. Sai wani kundi na musamman da NASA ta haɗa, wanda ke karɓar awon MLS, shi ya kama shi.

To, ina ruwan mai gona a Tsanyawa da abin da ke kilomita 20 a sama? Gaskiya ita ce tururin hawa na biyu ba shi ke yanke hukuncin ko za a yi ruwa gobe ba, kuma duk wanda ya ce haka ya yi ƙari. Tasirinsa na dogon zango ne. Susan Solomon da abokan aikinta sun nuna a 2010 cewa raguwarsa da kimanin kashi 10 cikin 100 bayan shekarar 2000 ta rage saurin ɗumamar duniya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekaru goman da suka biyo. Abin sha'awa ma, hadarin Sahel yana cikin masu aika ruwa can. A watan Agusta na 2006 an saki balan-balan masu ɗauke da ma'aunin laima na musamman daga Yamai, suka tarar da siraran shimfiɗu masu laima sama da dokin ƙofa, waɗanda aka danganta da manyan hadura da suka yi tsiri suka fesa ƙanƙara a can. Irin hadarin da ke bi ta kan Gezawa da la'asar ke nan.

Wanda ya shafi rumbu kai tsaye shi ne tururin tsakiya, daga kilomita 3 zuwa 6 ko 7, inda busasshiyar iskar Sahara ke kwance a kan iska mai laima da ta taso daga teku, kuma inda wata iska mai ƙarfi ke busowa daga gabas tana tura hadura yamma. Mafi yawan ruwan Sahel daga waɗannan manyan hadura masu tafiya a jere yake zuwa. Bushewar tsakiyar samaniya tana iya kashe ƙaramin hadari tun yana jariri, tana kuma iya ƙara wa babba ƙarfi, domin ruwan da ya ƙafe a cikinta yana sanyaya iska ta faɗo ƙasa da nauyi, ta ɗaga mai ɗumi da ke gabanta. Christopher Taylor da abokan aikinsa sun nuna a 2017, daga hotunan Meteosat, cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wannan yanki na arewacin Kano kuwa, wanda Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarinsa tun yana koyarwa a Zariya kafin ya koma Kano, wuri ne da mutane ɗaruruwa ke zaune a kowace murabba'in kilomita, gona ba ta hutu, ana noma ta shekara da shekaru da taimakon taki da dabbobi da itatuwan gawo. Babu wani daji da za a koma idan shuka ta ƙone. Ruwan da ya zo a dunƙule cikin dare ɗaya ya wanke taki, sannan a yi kwana goma sha biyar ba ɗigo, ba daidai yake da wanda ya zo a rarrabe ba, ko da jimillar milimitocin ɗaya ce.

Masu kare kundin bita suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Da babu gara ba daɗi. Ba don waɗannan kundaye ba, da ba a fahimci tafiyar iskar damina yadda aka fahimce ta a yau ba, kuma zafi da gudun iskar da suke bayarwa abin dogaro ne matuƙa, musamman daga 1979 zuwa yau. Ba a ce a yar da su ba. Abin da ake ƙi shi ne a rubuta "an auna" a inda ya kamata a rubuta "an kintata". Kamata ya yi kowane sashen nazarin ƙasa ko kimiyyar yanayi ko aikin gona, daga Kano zuwa Wudil zuwa Samaru, ya wajabta wa ɗalibi ya faɗi sunan kundin da ya ɗauka da tsayin da ya duba, ya gwada aƙalla kundaye biyu ko uku ya nuna inda suka saɓa, ya kuma nemi awon ƙasa ko na balan-balan mafi kusa ya ɗora a gefe. Idan kundaye uku suka ba da amsa uku game da laimar kilomita 10 a saman Bichi, wannan saɓani shi kansa sakamako ne da ya cancanci shiga babi na huɗu, ba abin kunya ba ne da za a ɓoye. Mai duba aiki kuma da ya ga an zana sauyin tururin hawa na biyu daga ERA5, ya mayar da babin.

Sauran aikin na hukuma ne. A 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da ƙa'idar cewa a riƙa sakin balan-balan sau biyu a rana, a tashoshin da tazararsu ba ta wuce kilomita 500 ba, a kuma raba sakamakon ga duniya. Daga Kano zuwa Yamai kimanin kilomita 700 ne a miƙe, daga Kano zuwa Njamena ma haka, saboda haka samaniyar ƙasar Kano ba ta da wanda zai auna mata ita sai 'yan gida. Asusun da aka kafa don tallafa wa wannan aiki ya ba da fifiko ga ƙananan tsibirai da ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba. Nijar tana cikin wannan jeri, Nijeriya ba ta ciki, don haka daga aljihunta kuɗin zai fito. Hukumar NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara har da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa a kowace ƙaramar hukuma, ita ce za ta fara cin moriyar duk balan-balan da ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba tare da fashi ba, domin awon da ya shiga kwamfuta yau shi ke gyara hasashen gobe, shi ne kuma zai zauna a kundin da za a yi bita nan da shekaru ashirin. Balan-balan 730 ke nan a shekara, da iskar cika su, da ma'aikacin da zai tashi ƙarfe ɗaya na dare.

Akwai kuma tsofaffin takardu. Kano tana cikin garuruwan da aka fara auna ruwan sama a Arewa tun farkon ƙarni na 20, kuma filin jirginta ya daɗe yana tattara bayanan yanayi saboda matuƙa. Duk littafin awo da ke kwance a kabad, wanda ba a kwafe shi cikin kwamfuta ba, kundin bita bai san da shi ba, gara kuwa ba ta jira. Cibiyoyin da ke haɗa kundayen suna karɓar irin waɗannan tsofaffin bayanai duk lokacin da za su sake sabon zagaye, kuma kwafe su aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi a zango ɗaya, da kyamarar waya da malami mai duba musu lambobi.